Me ya sa daidoyata ba ta da ƙamshi kamar ta gidan Inna?

Maman Haidar:
Salamu alaikum jama'a. Daidoyar da ke bayan ɗakin Innata a Zariya, ganye ɗaya za ka murza ƙamshi ya kama hannunka har dare. Na ɗebo irinta na shuka a buhu, da yashin gini da ɗan takin kamfa. Ta yi ganye fala-fala, kore shar, amma shayinta salam. Iri ɗaya ne fa. Ina matsalar take?

Malam Mai Gona:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙasar nake zargi. A tsohuwar ƙasa akwai wata funfuna mai amfani, maikoraiza, da ke shiga cikin saiwa ta miƙa zare siriri cikin ƙasa, inda saiwar ba ta kaiwa. Tana jawo wa shuka ruwa da fosfaras (sinadarin abincin shuka da ke cikin takin kamfa ma), ita kuma shukar ta ba ta sukari. Yawancin tsirrai na tudu haka suke rayuwa. Ƙamshin nan mai ne da ke taruwa a wasu ƙananan gashi a jikin ganye. Masu bincike a Indiya sun gwada a kan tazargade, suka ga wadda ke da funfunar ta fi yawan gashin, ta kuma fi atimisinin, sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro. Yashin gini kusan babu funfunar a ciki, kuma idan fosfaras ya yi yawa shuka kan daina karɓarta. Ki ɗebo ƙasa daga gindin ta Inna, har da guntayen saiwa, ki cuɗa. Ki rage kamfa, ki sa ruɓaɓɓen takin gida.

Baba Alhaji:
Gaskiya ne, amma 'yata, buhun a inuwa yake ko a rana? Yawan ban ruwa da inuwa ma suna kashe ƙamshi.

Anti Nas:
Tunda an ambaci tazargade, don Allah kada wani ya ɗauki shayinta a madadin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da hakan ba, domin ƙarfin ganyen ba ya zama ɗaya daga gona zuwa gona.

Maman Haidar:
Baba, ƙarƙashin rumfa yake. Zan fito da shi rana. Malam, ƙasar kamar mudu ɗaya ta isa?

Malam Mai Gona:
Ta isa. Ki tabbata ta taɓa saiwar, kada ki barbaɗa a sama kawai.