Koyar da shirya manhaja a kan allo: yana da amfani?

Malamin Aboabo: Assalamu alaikum. Makarantarmu a nan Kumasi ɗalibai sun yi wa kwamfutoci yawa, ga ɗaukewar wuta. Shin in fara koya musu shirya manhaja a kan allo, ko ɓata lokaci ne?

Injiniya daga Nima: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai amfani ƙwarai, domin ginshiƙin aikin shi ne tsara matakai, danna madannai kuwa daga baya yake zuwa. Ka ba yara katuna goma masu lambobi a hargitse, su jera su, da sharaɗin kada su gwada fiye da biyu a lokaci guda; duk wanda ya iya bayyana yadda ya yi, to ya kama hanya. Ada Lovelace, wata masaniyar lissafi 'yar Ingila, ta wallafa nata tsarin matakan a 1843, alhali ba a ƙera injin lissafin da Charles Babbage ya zana, wanda ta rubuta tsarin dominsa, ba.

Malama daga Asawase: Yallaɓai Injiniya, ban yarda gaba ɗaya ba. Allo yana karɓar duk abin da aka rubuta masa, amma kwamfuta takan tsaya cik saboda waƙafi ɗaya, kuma a nan ne yaro yake koyon haƙuri da bin diddigin kuskure. Malam, ka sanya musu Scratch, manhajar koya wa yara shirya manhaja, wanda ake iya amfani da shi ba intanet, su zauna uku-uku.