Shawarwari ga mai son ganin tsoffin gidajen Turawan kuza a Jos

Waɗanda suka san unguwannin Rayfield da Anglo-Jos, inda gidajen suke, sun haɗu a kan abu guda: kada ka faɗa gidan kai tsaye. Yawancin gidajen da mutane a ciki, sai ka yi sallama da maigadi, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya ɗaukar hoto.

Ka je da hantsi, cikin rani. Da damina ciyawa kan rufe harabar, macizai su samu maɓoya.

An fi jan kunne a kan daɓen katako. Gara kan cinye shi ta ƙasa, sama kuwa lafiya lau a ido. Ka ƙwanƙwasa da sanda. In ya yi ƙara kamar ganga, koma gefen bango ka bi. Silin da ya ɓarɓashe ma kada a taɓa, wani na asbestos ne, ƙurarsa na lahanta huhu. Ka dai tsaya ka duba murhun falo da bututun hayaƙinsa, sanyin Jos ne ya sa aka gina su.

Tafkunan da haƙar kuza ta bari suna da zurfi, a riƙe yara. Mai sauran lokaci ya biya gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952.