Ƙaho kala uku a jinsi ɗaya, hankali zai ɗauka kuwa?

Mai_Zane: Salam 'yan uwa. Ina rubuta labarin wasu halittu ne a wata duniyar daban, na zana wasu da ƙaho murɗaɗɗe kamar na rago wasu miƙaƙƙe wasu kuma ɗan tsiro kawai, kuma so nake duk su zama jinsi ɗaya. Ya zan yi abin ya zauna kar mai karatu ya ce shaci-faɗi ne?

Kunkuru77: Ai malam ko a nan duniya akwai irinsa. Tumakin Soay na tsibiran St Kilda a Sikotilan, cikin garke ɗaya za ka ga mai cikakken ƙaho da mai ɗan guntu, cikin matan har da marasa shi sam, kuma ƙwayar gado ɗaya mai suna RXFP2 ce ke juya yawancin abin. Wani bincike na 2013 ya nuna ragon da ya gaji babban ƙaho ya fi samun 'ya'ya amma mai ƙaramin ya fi daɗewa a raye, shi ya sa babu wanda ya shafe wani. Ba wa kowane ƙaho riba da asararsa kawai.

Uwar_Tsuntsu: Ni na fi son dabarar buzuzu wallahi. A wasu nau'in buzuzu da ake kira Onthophagus abincin da namiji ya samu yana tsutsa ne ke yanke hukunci, wanda ya ƙoshi ya fito da ƙaho ya tare bakin rami yana faɗa, wanda bai ƙoshi ba babu ƙaho sai ya haƙa tasa hanyar ta gefe ya je wa macen a ɓoye 😂 Ka ga kallon ƙahon mutum kaɗai zai faɗa maka yadda ya tashi, labari a kyauta.

Mai_Zane: Kai wannan ta yi min! To murɗewar fa?

Kunkuru77: Gefe ɗaya ne ke girma da sauri fiye da ɗayan sai ya lanƙwashe, in saurin daidai ne ya miƙe. Amma fara tsayar da abin da aka yi shi da shi, na sa da rago ƙashi ne a ciki da kube irin sinadarin farce, na karkanda ba ƙashi ko kaɗan. Sannan in duniyar taka tana jan abu ƙasa da ƙarfi fiye da tamu, ka rage tsayin ko ka ƙara musu kaurin wuya, in ba haka ba kan ba zai ɗagu ba.