Wa Za Mu Kai wa Ƙara?

Dattijon Fagge:
Salamu alaikum. Ga nawa, mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ba".

Da sunan Allah zan buɗe zance,
Sarkin da bai taɓa gyangyaɗi ba.
Daga masallaci bayan Isha'i,
'Yan daba ba su bar ni na wuce ba.
Wuƙa a wuya, "Baba, kawo waya,"
Ba su ji kunyar furfurata ba.
Na je caji ofis in kai ƙara,
Aka ce mota ba ta sha mai ba.
A bango an rubuta beli kyauta ne,
Ban ga wanda ya fita bai biya ba.
A da ɗan dokan En'e guda da kulkinsa,
Ɓarawo bai shigo lungunmu ba.
Baƙo in ya sauka ko da tsakar dare,
Mai unguwa bai kwana bai sani ba.

Inna ta Gwammaja:
Sannu, Malam, Allah ya mayar da alheri. Amma ni ma na ga zamanin.

Ɗan dokan da kake yabo, Malam,
Bai bar mana daɗin tunawa ba.
Kan haraji ya shanya babanmu
A rana, bai ba shi ko ruwa ba.
Ɗan NEPU in ya yi lacca da yamma,
Ranar bai kwana a ɗakinsa ba.
Sai da Gwamna Rimi ya hau a 1979,
Shi ne bai bar haraji ya ci gaba ba.
Ɓarawo ya ji tsoro, na yarda,
Talaka ma bai yi barci ba.

Tsohon Sufeto:
Yaya, Hajiya, a ba ni fili.

Tun da Gowon ya haɗe 'yan doka da mu 'yan sanda,
Zagi bai sauka daga kanmu ba.
A 1980 muna 'Yan Awaki,
Mutanen Maitatsine ba su saurara ba.
Sai da soja ya zo aka kwantar,
Abokaina da dama ba su dawo ba.
Janairun 2012, bam a hedkwatarmu ta Bompai,
Matan mamatan ba su gama kuka ba.
Na goro a shinge, ban musa ba,
Amma albashin bai kai wata ba.
Ka kama ɗan daba da hantsi,
La'asar ba ta same shi a kulle ba.
Waya ce daga sama: "Yaronmu ne,"
Don zaɓe bai yi nisa ba.

Dattijon Fagge:
Na ji, Sufeto, Allah ya jiƙansu,
Amma ban fasa abin da na ce ba.
Kuɗin 'yan sintiri nake biya duk wata,
Su ba su taɓa ce min "kawo na mai" ba.

Inna ta Gwammaja:
Sufeto, ka ajiye kaki tuni,
Ba ka faɗi sunan mai wayar ba.

Tsohon Sufeto:
Hajiya, ki yi mini rai da wannan,
Fanshona har yau bai fito ba.