Naman hanji zai iya tona ciwon Fakinsin, ciwon ƙwaƙwalwa mai sa karkarwa, kafin hannu ya fara karkarwa?

Likitan hanji, Unguwar Rimi: Ina nan kan bakana, zai iya. Furotin ɗin alfa-sinukilin da ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar mai Fakinsin ana samunsa a jijiyoyin bangon hanji, kuma taurin bayan gida kan riga karkarwa zuwa da shekara 10 ko fiye. A 2012 a Shikago an sake duba naman hanjin mutum 3 da aka tsinko shekara 2 zuwa 5 kafin ciwonsu ya fito, aka tarar da furotin ɗin.

Likitar ɗakin gwaji, Malali: Haba Dakta, mutum 3 fa! A 2015 a Toronto an gan shi a hanjin masu lafiya ma. Tun daga tsinkowa ake samun matsala: ɗan hantsakin na'urar leƙa hanji yana ɗebo milimita 2 zuwa 3, galibi fatar sama kawai, jijiyoyin kuwa suna ƙarƙashinta. Ka yanka, ka sa rini, ka leƙa madubi, ba jijiya ko ɗaya a kan gilashin. Me za ka rubuta, "babu" ko "ban gani ba"? Ga shi wasu rinin ba sa bambanta lafiyayyen furotin da dunƙulalle.

Likitan jijiya, Barnawa: Hajiya ta faɗi gaskiya. Wurin ma ba nan ya fi ba: dunƙulen sun fi yawa a ƙasan maƙoshi, suna raguwa in an gangara babban hanji. A wani bincike mai suna S4 na 2020, naman hanji kashi 14 cikin 100 na tabbatattun masu ciwon ya kama.

Likitan hanji: Da rini ke nan. Sabon gwajin kuwa, iri yake shukawa: a zuba ɗan naman cikin lafiyayyen furotin, a yi ta girgizawa, in da gurɓatacce sai ya ja sauran su dunƙule har na'ura ta gani.

Likitar ɗakin gwaji: Shi kuma ɗanyen nama ya fi so, ba na cikin fomalin, ruwan adana nama, ba, a daskare a maki 80 ƙasa da sifiri. Da wannan wutar tamu ta Kaduna?

Likitan jijiya: Mu ɗauka ma ya kama. Lebodofa, maganin Fakinsin, alamu yake kwantarwa, ba ya tsayar da ciwon. Magidanci ɗan shekara 50 da ya zo da taurin ciki kawai, Dakta, me za ka ba shi bayan ka faɗa masa?

Likitan hanji: A yau babu, shi ya sa nake cewa a bar gwajin a matakin bincike tukuna. Amma naman da aka riga aka tsinko don neman kansar hanji, a adana shi da yardar mai shi.