Tumakin kiwo: 'yar ƙasa ko Balami?

Maman Ummi: Salamu alaikum 'yan zaure. Na kwashi adashe, ina so in zuba a tumaki, na kiwo ba na turka ba. Wacce ce ba ta laulayi, kuma tana haihuwa? A Zariya nake, gidan haya.

Kawu: Wa'alaikumussalam. 'Yar ƙasa, magana ta ƙare.

Ɗan Borno: Haba Kawu. Balami dai. Duk wanda ya ga ragon Balami ranar Sallah ya san an yi kiwo.

Anti Kachiya: Maman Ummi, kada ido ya ruɗe ki yadda ya ruɗe ni. Shekara 3 da suka wuce na aika aka sayo mini Balami guda 2, farare sol, ga tsawo ga kunnuwa. Maƙwabta har leƙowa suke yi. Cikin rani lafiya lau, sai dai ci kamar gara, damin harawa ba ya kwana biyu. Damina na sauka aka fara. Kun san ruwan Kachiya. Garken ya jiƙe, kofato ya ruɓe, ɗaya har a gwiwa take cin dusa, warin kuwa sai ka toshe hanci. Ina fama da wannan zawo ya biyo baya. Ɗaya ta yi ɓari, ɗayar muka yi sauri aka sa mata wuƙa. Abin haushin, wata tsohuwar 'yar ƙasa da surukata ta bar mini tana garken nan tare da su, ko tari ba ta yi ba. Daga lokacin zuwa yau ta haihu sau 4, ɗaya tagwaye. Dillalin da ya rantse mini cewa za su zauna ko'ina, har yau bai ƙara ɗaga wayata ba.

Ɗan Borno: Laifin garkenki ne Anti, ba na tumaki ba.

Anti Kachiya: To 'yar ƙasar a ɗakina take kwana?

Likita: Dukanku kuna da gaskiya. Balami da Uda tumakin busasshiyar ƙasa ne, danshi ba ya yi musu. 'Yar ƙasa ce ta fi yawa a Najeriya, ita ce kuma masu binciken dabbobi na Shika suka daɗe suna aiki a kanta, ga shi kusa da ke. Cikin tunkiya wata 5 ne, idan tana ƙoshi za ta iya haihuwa sau 3 a shekara 2. Amma ɗaya-ɗaya ta fi yi, tagwaye jefi-jefi. A yi musu rigakafin PPR, wato annobar nan ta tumaki da awaki mai sa zawo da majina, a ba su maganin tsutsa farkon damina da ƙarshenta. Sabuwar da aka kawo daga kasuwa a ware ta sati 2.

Bashir: Ni fa na ga bidiyon wata tunkiyar Rasha, Romanov, tana zubo 3 har 4 a ciki ɗaya. Ba a kawo mana ita ne?

Kawu: Wadda ta tashi a bakin kogin Volga cikin ƙanƙara? Kawo ta Wudil a watan Afrilu, mu ci balangu.

Bashir: Kawu kai komai sai ka kai shi tukunya.

Hajiya Babba: In tagwaye kike nema, 'yata, akuya za ki saya. Sai dai ki shirya faɗa da maƙwabta.

Maman Ummi: Akuya kam a'a, Hajiya, mai gidan zai kore ni. Yaya zan gane 'yar ƙasa ta gaskiya?

Kawu: Fara ce, da baƙi-baƙi a kewayen ido, kunne da baki. Kunnen gajere, bai kai na Uda ba. Macen ba ta da ƙaho, ragon kuwa ƙaho a murɗe, da geza a wuya. Buɗe bakinta: mai manyan haƙora 2 ta shekara, ƙuruciya ce. Ki taɓa hantsa, kada ki ji ƙullutu. In kin samu mai goyo, ita ce ba ƙarya. Kasuwar Wudil Juma'a take ci, ta Maigatari Alhamis.

Hajiya Babba: Kuma a tsince leda a tsakar gida. Tawa da ta rame aka yanka, abin da aka ciro a tumbinta ya cika kwano.

Ɗan Borno: Ni dai ku sa mata ragon Balami ya yi barbara, 'ya'yan su yi jiki.

Likita: Ga babbar tunkiya ba laifi. Ƙaramar da ba ta taɓa haihuwa ba, ɗan zai iya yi mata girma.

Bashir: Wai don Allah nawa buhun kowar wake yanzu a wajenku?