Tafiyar farko mai nisa da tsohuwar 504 bayan ta daɗe a ajiye

Magajin mota, Kaduna:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 haɗin Kaduna, wadda ta shekara 11 a ƙarƙashin rumfa ba a tayar da ita ba. A watan jiya aka sauya mata batir da fulogi da baƙin mai, ta tashi a bugu na uku, har maƙwabta suka fito kallo. Ina da niyyar tuƙa ta zuwa Argungu, inda marigayin ya sha ba mu labarin tseren motocin da ake haɗawa da bikin kamun kifi. Ina roƙon duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya da motar da ta daɗe a ajiye ya faɗa mana abin da ya tarar a hanya.

Malamin makaranta, Funtuwa:
Wa alaikumus salam. Malam, ni tarihin motar ne ya ruɗe ni. Na karanta cewa a 1975 Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya da 504, kuma a shekarar ne Hannu Mikkola ya ci ta Maroko da irinta, sai na ce a raina motar da ta ratsa taɓon Kenya ba za ta gaza kai ni Kano ba. Ban daɗe da barin gari ba ta fara shessheƙa kamar mai tarin asma, sannan ta mutu a gefen titi. Da aka buɗe kafireto sai aka tarar da jar tsatsa cunkushe a ciki, wadda gargadar hanya ta motso daga gindin tanki. Injin lafiyarsa ƙalau, amma sai da aka ɗaure ta da igiya aka jawo ta gida, ɗalibaina suna kallo.

Tsohon bakanike, Kano:
Ɗana, na fara koyon aiki ne a kan 404, kuma ina gareji lokacin da aka fara haɗa 504 a Kakuri da ke Kaduna a 1975, saboda haka ka saurare ni da kyau. Tashin inji ba shaida ba ce. Injin 504 mai silinda huɗu yana da haƙuri ƙwarai, zai iya tashi ko da sauran jikin motar ya gama lalacewa. Abin da zama yake kashewa shi ne roba: tiyon lagireto, da tiyon birki, da fambel, da tayoyi, waɗanda za ka gani da zanensu cif alhali zafi ya riga ya busar da su daga ciki.

Na koyi wannan ne da motar kaina, wadda na ajiye shekara shida, na ɗauko ta ranar ɗaurin auren ƙanena a Daura. A cikin gari birki yana kamawa daidai, amma da muka yi nisa, man birkin da ya daɗe yana shan raɓa ya ɗauki zafi, na taka na ji ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe ta. Da giya na rage gudu, daga ta huɗu zuwa ta uku zuwa ta biyu, sannan na ja birkin hannu a hankali, Allah ya kiyaye, babu kowa a gabanmu. Abin kunyar shi ne ni ne mai yi wa mutane wa'azin sauya man birki.

Game da maganar Malam ta Safari kuwa, motocin da suka ci waɗannan gasanni sai da aka kwance su ƙusa-ƙusa, aka ƙarfafa ƙafafunsu, aka sa musu faranti a ƙarƙashin inji, kuma makanikai suna jiran su a kowane zango da kayan gyara. Wadda Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da ita a 1978 ma mai ƙofa biyu ce, mai silinda shida, ba irin tamu ba.

Hajiya, Damagaram:
Baba ya yi gaskiya. Tamu doguwar ce mai layin kujeru uku, kuma maigidana ya nace sai mun kai ta Agadas, domin yana yaro ya ga motocin gasar tseren Paris-Dakar suna shiga garin cikin ƙura, abin bai taɓa fita daga ransa ba. Mun wanke tanki, mun sauya kowane tiyo, muka tashi bayan sallar asuba da jarka biyu ta ruwa. Ya ce za mu bi tsarin rukunin tsofaffin motoci da aka ƙara a gasar Dakar a Saudiyya tun 2021, inda ba a neman wanda ya fi gudu, sai wanda ya riƙe gudun da aka ƙayyade masa. Ni ce mai riƙe da agogo, ina tsawata masa duk lokacin da ya haura kilomita 70 a awa. Duk da haka fambel ya tsinke kafin Tanut, allurar zafi ta yi sama, amma da yake muna da wani a but, jinkirin bai wuce na shan shayi ba.

Magajin mota, Kaduna:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na ɗage tafiyar Argungu. Gobe za a sauke tanki, kuma idan an gama da birki zan gwada ta zuwa Zariya in dawo. Baba, tayoyin da ke jikinta tun na marigayi ne, har da safaya, kuma ban san ko girman da ake sayarwa yanzu zai hau kan ƙafarta ba.